Shekarar da Na Duba Ampilin Haruna

Ran nan ina zaune bakin shago na ji Sani, babbanku, yana yi wa wani mutum bayanin abin da ya sa ba ma sake taɓa aiki bayan an duba shi. Ya kawo masa labarin Baffanku Haruna, yadda ya sa hannu cikin ampili, na'urar ƙara wa lasifika ƙarfi, bayan na gama dubawa, abin ya fashe masa a kunne. Ya faɗe shi tsaf kamar yadda ya ji shi tun yana ƙarami, mutumin yana ta girgiza kai. Labarin nan ƙarya ne. Ba Sani ya ƙirƙire shi ba, ba ni ba ne kuma, amma ni na bar shi ya rayu fiye da shekara ashirin, ana maimaita shi a gabana ina gyara zama. Yanzu idona ya fara gajiya, hannuna yana rawa in na riƙe ƙarfen dalma, gara in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina iya riƙe alƙalami.

Mu biyu muka rayu a ɗakin Inna, ni ne na fari, Haruna ne auta, shekara tara tsakaninmu. Ni aka sa lakwal, wato makarantar boko, daga nan na zo Konni na koyi gyaran rediyo wajen Malam Bawa, Allah ya jiƙansa, har na gaji shagonsa da sunansa. A lokacin in ka ce Mamman Rediyo, daga tasha har bakin iyaka babu wanda zai tambaye ka wane ne. Haruna kuwa yana Illela yana noma tare da Baba. Da Baba ya rasu, damina biyu a jere ba ta yi kyau ba, sai na ɗauko shi tare da Inna da iyalinsa suka dawo gidana, na ajiye masa tabarma a kusurwar shago. Ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. Na ɗauka zai riƙa kwance sukurori ne yana share ƙura, in Allah ya taimake shi wata rana ya iya canza lasifikar rediyo. Na ji daɗin kaina ƙwarai a kan wannan alheri, har ina ba da labarinsa.

Malam Bawa ya bar mana doka guda, kuma duk garin an san shagonmu da ita. Ya ce wanda ya haɗa abu ba ya ganin kurensa, domin idonsa abin da ya yi niyya yake nuna masa, ba abin da ya yi ba. Saboda haka wanda ya haɗa ba shi zai duba ba. Zai miƙa wa ɗan'uwansa aikin tare da takardar shema, wato zanen da ke nuna inda kowace waya ta bi, shi kuma ya bi ƙafafun kayan ɗaya bayan ɗaya da mitar awon wuta. In ya gamsu ya ce ya yi, sai ya sa aikin a akwatin ƙarfe ya kulle, ba mai taɓawa sai lokacin da za a ba shi wuta. Daga nan in abu ya lalace, wuyan mai dubawa ne, ba na mai haɗawa ba.

A shekara ta huɗu da zuwan Haruna ne 'yan kasuwa suka fara shigo mana da ampili a leda daga wajen Sakkwato. Ba haɗaɗɗe ba, a warwatse: ɗan koren allo mai huji-huji, da tarkacen kayan da za ka jera a kansa, da takarda mai hoto da rubutun da babu mai iya karantawa sai lambobin. Kai za ka zauna ka jera ka liƙe da dalma, ka nemo masa taransifoma da gida. Haɗaɗɗun da ake kawowa zafinmu yana kashe su, in sun mutu kuma sai dai a yar, amma wannan tunda kai ka haɗa ka san cikinsa. Nan da nan kowa ya so lasifika, masallatai da masu biki da masu tallan magani a kasuwa. Aiki ya buɗe, sai dai aikin yana da ƙaya. Za ka haɗa abu ka kunna, ko ya yi shiru kamar bai san ka ba, ko ya yi ta gurnani, ko ya yi magana minti biyar ya ɗau zafi ya shaƙe. Wani lokaci dalma ce take ƙyalli a ido alhali ba ta kama ƙafar ba. Wani lokaci ka ɗauki ja a matsayin ruwan ƙasa a zoben launin da ke jikin ƙananan kayan, ka sa wannan a gurbin wancan. Wani lokaci ka manta ɗan siririn fallen da ake sawa tsakanin turansisto da ƙarfen da ke shanye masa zafi. Ni hanyata ita ce takarda da mita da haƙuri, in fara daga inda wuta ta shiga in bi har inda murya ta fita, ko zai ci mini kwana biyu.

Haruna kuwa kunne yake kawowa. Zai kunna abin, ya ɗaga hannu a yi shiru, ya sunkuya ya kai kunnensa na hagu dab da allon, ya ɗan lumshe ido. Can sai ya nuna da ɗan tsinke ya ce ciwon yana nan. In ka tambaye shi yadda ya sani, sai ya ce kukan dalma daban ne da kukan waya, kamar yadda kukan akuya mai yunwa ya bambanta da na wadda ta ɓatar da ɗanta. Da farko dariya nake yi masa. Na daina dariya a kan ampilin wani masallaci na Tsarnawa.

Ni na haɗa shi da hannuna, komai daidai da takarda, amma da ka kunna sai ka ji wani ƙugi a ƙarƙashin murya, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Kwana tara ina fama. Na canza abin da ya lalace da wanda bai lalace ba, na narkar da dalma na sake zubawa har allon ya fara baƙi. Duk kwanakin nan Haruna yana kusurwarsa yana gyaran wata tsohuwar rediyo, ina ganinsa yana karkata kai in na kunna, amma bai ce uffan ba, domin ƙane ba ya gyara wa wansa aiki ba a tambaye shi ba. Ni kuma na gwammace in kwana ashirin da in tambaya. Rana ta tara dattawan masallacin suka zo karo na uku, ransu a ɓace, suna cewa azumi ya matso ladan yana ta fasa maƙogwaro. Ina cikin ba su haƙuri sai na ji Haruna a bayana, murya ƙasa-ƙasa.

“Yaya, in ka yarda in gwada wani abu.”

Me zan ce a gaban mutane? Na matsa masa. Ya cire baƙar waya guda da na ɗaure kusa da taransifoma, ya kai ta kan sukuron da sauran baƙaƙen wayoyi suka haɗu, ya ɗiga mata dalma. Aka kunna. Tsit, sai muryar dattijon da ke gwada makirfo, garau kamar yana tsaye kusa da kunnenka. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya ya ce ashe gwanin a kusurwa aka ɓoye shi. Na taya su dariya, na dafa kafaɗar Haruna, na ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da na ji a cikina a ranar ban taɓa jin irinsa ba, kuma zan kira shi da sunansa, ƙyashi ne.

Daga ranar mutane suka canza sallama. Mutum zai tsaya a kaina, ni da na shekara ashirin a kan teburin nan, ya ce ina mai kunnen yake. In Haruna ya tafi masallaci sai su zauna su jira shi, ina zaune hannuna babu aiki. Shi kuma ga wani hali da ya fi komai ƙona mini rai: ba ya ɗaga kai. Duk wanda ya yabe shi sai ya ce ai Yaya ne ya koya masa. Da ya yi girman kai ko sau ɗaya da na sami abin kamawa, in yi fushi in huce. Amma ta ina za ka yi faɗa da mutumin da ke share maka teburi kowace safiya?

A gida ma ban tsira ba. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta ma cika kallonsa ido cikin ido ba. Tunda Inna ta haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba, mai shago take ce mini, ko ta ce wancan. Haruna kuwa auta ne, sunansa sau goma a yini. Maƙwabta suna kawo mata labarin kunnensa, ita kuma tana zaune tana kaɗi tana ba su labarin yadda tun yana goye yake farkawa in kaza ta taka kara a bayan ɗaki. Na san kunya ce, na san ba ƙi ba ne, na san haka kowace uwa take yi. Sanin bai hana ni komai ba. Mutum mai furfura a gemu, ina cin tuwo a zaure ina kasa kunne ko za ta ce wancan ma ya iya. Mahaifiyarku Rakiya, Allah ya haskaka kabarinta, ita ce ta fara ganewa. Wata rana ta ɗauke kwanon da na ture ta duba, ta dube ni.

“Malam, tuwon na bai yi ba, ko ko ƙanenka na bai yi ba?”

Na ce mata mata dai ba su rasa abin faɗi. Ta ce haka ne, ta tafi da kwanonta tana murmushi, ni kuma na yini ina jin haushinta don ta faɗi gaskiya.

Bayan kaka sai ga Alhaji Ɗan Jimma na Malbaza, mai ba da hayar lasifika a wuraren kokowa da bukukuwa. Yana son manyan ampili guda shida kafin lokacin kokowa ya kankama, irin waɗanda in mai sanarwa ya kira sunan ɗan kokowa za a ji a ƙauyen gaba. Aiki ne da duk wanda ya yi shi sunansa zai zagaya kowane fili daga nan har Tawa. Ya ce a fara haɗa guda ya gani. Ina zuba masa shayi da hannuna ya ajiye ledar a gaban Haruna, ya ce shi yake so ya haɗa, don an ce masa hannunsa ba ya kuskure. Bai faɗa da mugunta ba, bai ma lura da ni ba, kuma wannan ya fi ciwo. Na cika masa kofi har ya zube.

Kwana biyar Haruna ya yi a kansa. Ban taɓa ganin dalma mai kyan tasa ba, kowane ɗigo kamar ƙwayar gero, wayoyin a kwance a jere. Rana ta biyar bayan la'asar ya ɗauko shi da hannu biyu ya ajiye a teburina tare da takardar, ya koma gefe ya tsuguna. A lokacin an yi kwana biyu babu wuta a unguwarmu, don haka an shirya Alhaji zai zo da hantsi da ɗan injin wutarsa, a kunna a gabansa.

Na duba aikin nan kamar mai neman ƙwarƙwata. Ina so in sami ko da dalma guda marar kyau, in kira shi in nuna masa, in ji na koma wurina. Na bi ƙafa ɗari da wani abu ban sami komai ba, sai a ƙarshe. Akwai manyan kondansate guda biyu, wasu gwangwanaye ne masu girman gwangwanin tumatir da ke tara wuta, kowanne da farin zane a gefe mai nuna ta inda zai fuskanta. In ka juya shi baibai, wuta tana dafa abin da ke cikinsa har ya kumbura ya fashe. A allon nan alamar gurbi na biyu ta goge tun daga inda aka buga shi, a hoton kuma kamar duka biyun gabas suke kallo. Shema ce kawai ta nuna na biyun juyawa yake yi, ita kuwa shema sai mai karatu. Haruna ya bi hoto. Kuskure ne da ba nasa ba ne ma, irin wanda don shi aka ajiye mai dubawa. Aikin minti biyu ne, ka narkar da ɗigo biyu ka juya gwangwani.

Na daɗe ina kallon farin zanen nan. Na ce a raina hayaƙi zai yi, ya yi wari, fiyus ya ƙone, Alhaji ya ga cewa kunne ba ya karanta takarda. Sannan ni in matso a hankali in nuna wurin, in gyara a gabansa, kowa ya koma matsayinsa. Ban yi tunanin cewa laifin a wuyana doka ta ɗora shi ba, ƙyashi ba ya barin mutum ya yi tunani har ƙarshe. Na sha gaya wa kaina kuma cewa na manta yadda Haruna yake kai kunnensa. Yau da nake rubutu ban san ko na manta ba, ko kuwa na ƙi tunawa ne.

“Yaya, ya yi?”

“Ya yi.”

Ya yi hamdala, fuskarsa ta washe. Na sa ampilin a akwatin ƙarfe na kulle, na jefa makullin a aljihu. Sallah uku na yi da makullin nan a jikina, magariba da isha da asuba, a sahu ɗaya da Haruna, kafaɗata tana gogar tasa. Ko wane lokaci cikinsu zan iya cewa bari in sake dubawa, babu wanda zai ce don me.

Da hantsi Alhaji ya iso da injinsa a bayan mota. Mutane suka taru, 'yan kabu-kabu da mai shayi da maƙwabtan shago. Sai kuma ga Inna, wadda tunda ta zo Konni ba ta taɓa taka ƙofar shagon ba. Ta fake da kawo mana fura, ta tsaya can gindin dogon yaro da ƙwaryarta, ta zo ta ji muryar aikin autanta. Na buɗe akwati na fito da ampilin na ajiye a benci, a buɗe ba murfi kamar yadda ake yi a kunnawar farko. Aka tada inji. Haruna ya yi bismillah ya danna.

Wani ƙugi mai kauri ya taso daga lasifikar. Na ga goshin Haruna ya tattare. Ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya sunkuya, ya kai kunnensa na hagu yana bin allon a hankali, ƙugin yana jansa har ya kai shi kan gwangwanin. Daga inda nake tsaye ina ganin kan gwangwanin yana tasowa kamar ƙullun da ya kwana. Akwai lokacin da zai ishe ni in ce tashi, kalma guda. Na buɗe baki, sai na tuna in na faɗa kowa zai san na sani. Ina cikin wannan tunani abin ya fashe.

Ƙarar kamar tayar mota ce. Wani farin abu kamar auduga ya watsu ko'ina, wari ya cika wurin. Da hayaƙin ya lafa Haruna yana zaune a ƙasa ya dafe kunne, jini yana bin tsakanin yatsunsa, kuncinsa ya ƙone. Wani ya kashe inji. Alhaji ya juyo kaina, ransa a ɓace, ya ce shin ba ni na duba ba, ai kowa ya san dokar shagon nan, wane irin dubawa ne wannan. Duk idanu suka dawo kaina. Shekara ashirin na Mamman Rediyo suna tsaye a kan amsar da zan bayar. Sai muka ji Haruna daga ƙasa, yana magana da ƙarfi fiye da kima don ba ya jin muryar kansa.

“Ba laihin Yaya ba na, Alhaji. Bayan ya duba ni koma nit taɓa wurin. Ni na.”

Makullin yana aljihuna, ina jin sanyinsa a cinyata. Akwatin nan tun daga la'asar ba wanda ya buɗe shi sai ni da safen nan a gaban kowa. Na san ƙarya yake yi, ya san na san ƙarya yake yi. Mutane suka fara cewa kai Haruna, ai ka ga amfanin doka, gaggawa aikin shaiɗan. Na tsaya na bar su suna faɗa. Inna ta ajiye ƙwaryar a ƙasa ta ce a kai shi likita.

Ƙunar kuncin ta warke, kunnen bai dawo ba. Kunnen ya mutu, ya bar masa wani siririn kuka a ciki da ba ya tsayawa dare da rana. Haruna ya dawo shago ya gwada da na dama, amma ya ce mini kukan cikin kansa yana rufe na allon, ba ya iya rarrabe su. Na ga yana sunkuyawa yana daɗewa, ya nuna wuri, a duba a ga ba nan ba ne. Masu tambayar mai kunne suka ragu, sannan suka daina. Wata uku ya yi yana fama, da hadari ya fara haɗuwa ya ce zai koma Illela ya ga abin da gonar Baba za ta yi. Na ce masa ya zauna mana, da irin muryar da ake cewa baƙo ya ƙara tuwo alhali an ɗauke kwano. Inna ta ɗaure kayanta ta bi shi, ta ce auta ba ya zama ba mai dafa masa magani. A can ta ƙarasa kwanakinta.

Ni na haɗa wa Alhaji ampili shida. Sun yi aiki, an ji su a filayen kokowa, sunana ya zagaya kamar yadda na so. Kowannensu yana da ɗan siririn ƙugi a ƙasa wanda na kasa cirewa, cikin hayaniyar fili babu mai ji sai ni. Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Tawa ba taki ta zama ba, gonar ta ƙone, na kuma zauna na ci abin da ya rage.

Mutum ɗaya ne ya taɓa tambayata. Bayan tafiyarsu da 'yan kwanaki, mahaifiyarku tana shara a tsakar gida, ba ta ko ɗago ba ta ce, Malam, wai makullin akwatin nan guda nawa ne. Na ce biyu ne, akwai guda a wajen Haruna. Ta ce to, ta ci gaba da shararta. Washegari na je wajen maƙeri aka yanko mini na biyu, na rataya shi a ƙusa a kusurwar da Haruna yake zama, don ƙaryata ta sami inda za ta jingina. Shi ne wanda kuka taso kuna gani a wurin. Ba ta sake tambaya ba har ta koma ga Allah, kuma ban taɓa ba ta gaskiyar ba.

Duk shekarun nan muna zumunci da Baffanku, kun sani. Suna da biki da ta'aziyya ba mu taɓa rasa juna ba, kowace kaka yana aiko mana da wake. Maganar ce dai ba mu taɓa yi ba. Bara, bayan na tashi daga ciwon da ya kwantar da ni wata guda, na shiga mota na tafi Illela ni kaɗai. Na same shi a gona ana ɗaurin dami, ya tsufa shi ma, yana zaune a inuwar gawo da zangarniya jibge a gabansa. Na zauna kusa da shi, muka gaisa, sannan na sunkuyar da kai na faɗa masa komai, tun daga farin zanen har makullin maƙeri. Da na gama na ɗago, sai na ga yana ta ɗaurinsa. A gefen hagunsa na zauna. Ya lura bakina ya motsa, ya ce in zagayo ta nan, wancan kunnen ai na san halinsa. Dole na tashi na zagaya, na sake faɗa tun daga farko, da ƙarfi, a fili, har masu aiki a can nesa suna waiwayowa.

“Na sani, Yaya,” ya ce. “Tun ina ƙasa nis sani. Shekara huɗu ina gehenka, ban taɓa ganin idonka ya ƙetare komi ba. Kai ba ka kure irin wanga.”

Yabon da na yi shekaru ina nema ke nan, ga inda na same shi. Na tambaye shi to don me ya yi ƙarya, don me ya ɗauki abin da ba nasa ba.

“Inna na tsaye,” ya ce. “Ɗa guda ya riga ya hwaɗi gabanta. In bari ta ga na biyu?”

Ya ja igiyar damin ya ɗaure, ya ce ya yafe tun ranar, in bar wannan magana, in tsaya in ci tuwo kafin in koma. Na ci. Ya rako ni har bakin hanya yana ba ni labarin wani rago da yake kiwo.

A mota na yi ta laluben zuciyata, ina tsammanin zan ji ta sakayau tunda na sauke kayan. Har muka wuce Tsarnawa ina lalube. Abin da na tarar shi ne tsohon abin nan yana zaune daram a wurinsa. Na ɗauke masa kunne, na ɗauke masa sana'a, na bar masa gona da kuka a cikin kai, amma ya yafe mini yana ɗaurin dami, ko hannunsa bai tsaya ba. Na san da ni ne da ban iya ba, kuma wallahi ƙyashin wannan ma nake yi masa.